Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Kuɗin lakwal ina suke shiga, yaranmu da mi za su kai aji?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk bisa maganar lakwal sunka faɗa, ba abin mamaki ba ne tunda rantire ta wuce kuma aljihun kowa ya ji a jikinshi. Na tsamo waɗanda nike ganin sun shafi mutane da yawa, sunaye kuma na ɓoye kamar yadda munka saba.

Tambaya daga wani magidanci, ƙauye gabas da Tawa:

"Malam barka da aiki. Ni manomi ne, ɗiyana huɗu na lakwal. Kowace shekara sai an ce mu kawo kuɗɗin COGES, kwamitin kula da lakwal, jika guda kowane yaro, bana ma an ce jika da rabi, amma har yau ajin 'yan CI, ajin farko, rumfar kara ce kuma mu ne ke kawo karan da kanmu bayan girbi. Kuɗɗin ga hannun direkta suke, ba rasi ba komi, in ka yi magana a ce kai ne mai tada fitina cikin gari. Shin ba an ce lakwal ta gwamnati kyauta ce ba? Kuma wa ke da ikon tambayar shi inda kuɗɗin sunka shiga?"

Amsa:

Baba barka kadai, Allah shi raya zuri'a. Mai ikon tambaya kai ne, kai da sauran iyayen yara, tun kafin a je ga wani ansifekta ko wani babba na Yamai. Ba lallashi nike maka ba, haka tsarin yake tun asalinshi.

Bari in fara da maganar kyauta. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, wadda ake kira LOSEN, ta 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, amma wajen kuɗi ta raba nauyi tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye. Shi ya sa ba ka biyan albashin mushe, ba ka biyan kuɗin rubuta sunan yaro a lakwal ta gwamnati, amma ana iya neman gudummuwar gari don sayen alli ko gyaran ƙofa ko ruwan sha. To abin lura anan, gudummuwa ce, ba haraji ba ne. Taron iyaye ne ke yanke nawa za a bada, su ne kuma ke cewa wane da wane a ɗauke musu don ba su da hali, kuma duk direktan da ya maido yaro gida don ubanshi bai kawo jika ba ya yi abin da ba shi da hurumin yi.

Shi wannan COGES ɗin, mu mutanen Adar ya kamata mu fi kowa saninshi, don a jahar Tawa anka fara gwada tsarin da ya yi ƙarfi, a 2004, da tallafin hukumar JICA ta Japan, sannan zuwa 2007 anka baza shi duk faɗin ƙasa, daga baya sunan ya koma CGDES amma bakin mutane ya riƙe na farko. Abin da ya sa ya yi aiki lokacin ba kuɗin turawa ba ne, abu ne mai sauƙi, an ce a zaɓi wakilan iyaye ta ƙuri'ar ɓoye maimakon maigari ya nuna ƙanenshi, an ce farkon shekara a tara gari a rubuta abin da za a yi da abin da zai ci, tsakiyar shekara a sake zama a ga inda anka kwana, ƙarshenta a karanta bilan gaban kowa, ga abin da ya shigo ga abin da ya fita. Ma'ajin kuɗi daga cikin iyaye yake fitowa, direkta aikinshi riƙon takardu. To in a garinku direkta ne ke karɓa, shi ke ajiya, shi ke saye, shi ke faɗin farashi, ba COGES gare ku ba, suna kawai ya rage. Kuma ina roƙonka kada ka fara da kiran shi ɓarawo, na san direktoci da yawa da kes ta faɗo hannunsu don ma'ajin da anka zaɓa ya tafi bida Abijan ko Libiya tun watan Nuwamba bai komo ba sai damina, babu kuma wanda ya ce a zaɓi wani. Wannan matsala tamu ce ta Adar, maza sun watse cin rani daidai lokacin da lakwal ke buƙatar ido, shi ya sa nike ba da shawara a ba mace ma'aji, daga cikin ƙungiyar uwayen yara, tana gari shekara duka kuma mata sun iya riƙon asusu, ku dubi yadda suke tafiyar da adashi ba a jin kansu.

Abin yi shi ne ka samu iyaye biyar ko goma masu ra'ayi irin naka, ku je wajen shugaban iyayen yara cikin mutunci ku ce kuna son a kira asamble, a kawo kayen kes a karanta da Hausa, layi bayan layi. Daga yanzu kuma duk wanda ya bada kuɗi a rubuta sunanshi a ba shi rasi ko da yagen takarda ce mai sa hannu. In an ƙi, kowace komin tana da haɗaɗɗiyar ƙungiyar COGES, ku kai can, sannan ga konseye, mai ba malamai shawara da ke kula da yankinku, sannan ga ansifekta. Ku rubuta koken, ku riƙe kofi, don maganar baki iska ke ɗauke ta.

Sai dai kada ka sa ran jikarka ta gina aji na siminti, ba za ta iya ba kuma ba aikinta ba ne. Tun Janairun 2016 anka sa hannu bisa takardun da sunka miƙa ma ƙananan hukumomi ragamar fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, wato gina ajin firamare da gyaranshi ya koma wuyan meri. An miƙa nauyi amma kuɗin ba su biyo yadda ya kamata ba, kuma tun Afrilun 2024 da anka rushe majalisun zaɓaɓɓu anka naɗa masu riƙon ƙwarya, babu zaɓaɓɓen konseyen meri na garinku da za ka tare a kasuwa ka ce mishi ina alkawali. Duk da haka ƙofar meri a buɗe take, ku kai buƙatarku a rubuce kafin a tsara kasafin shekara. Kuma don Allah har kafin a samu ginin, ku duba rumfar nan da kyau. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 sunka rasu, mafi yawansu 'yan ƙanana, ba a rufa shekara ba, 8 ga Nuwamba, irin ta ta faru a Maraɗi ta ci yara sama da 20. Lokacin hukumomi da kansu sun ce azuzuwan kara sun kai wajen 36,000 a ƙasar. Ku buɗe ma rumfa mafita biyu, kada a jera rumfuna manne da juna, mai tuyan ƙosai da murhunta ta ja nesa, a ajiye tulun ruwa da yashi kusa. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa.

Tambaya daga wata uwa, unguwar Talaje, Yamai:

"Ina wuni malam. 'Yata ta shiga siziyam, ajin farko na kwaleji, bana, kwalejin da anka tura ta da nisa, sai ta shiga faba-faba biyu kuma da safe ba a samun wuri, manya ke ture yara. Wata rana a ƙofa ake tsaida ta don ta makara. Ƙanenta yana ta kuɗi, motar lakwal ke ɗaukarshi, amma ranar da na leƙa cikin motar sai da gabana ya faɗi, yara bisa yara. Wai gwamnati ba ta da motocin 'yan lakwal ne? Wa ke duba waɗannan motoci?"

Amsa:

Hajiya lafiya lau, Allah shi tsare mana su. Gaskiya mai ɗaci ita ce a ƙasarmu babu wani tsari na jigilar 'yan firamare da 'yan kwaleji da za ki dogara da shi. Ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni su ne ke da bas-bas ta hukumar kula da jin daɗinsu, kuma ko su kin san irin cunkoson da ake yi kafin a tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda. Sauran yara kowa tashi ta fisshe shi, mai ƙafa da ƙafa, mai taksi da taksi, mu nan Tawa kuma kabu-kabu da adaidaita, za ki ga ɗan moto ya ɗora yara uku har huɗu, ƙaramin bisa tanki yana riƙe da madubi, jakarshi na lilo kusa da taya, ba kaski ko ɗaya, yana kutsawa tsakanin manyan motoci da ke fitowa daga Konni. Kullum na gani sai cikina ya ɗuri ruwa.

Ki yi lissafi da kanki ki gani. Kuɗin mota tafiya da dawowa, kwana biyar ko shida a sati, wata tara, wani gidan abin da yake kashewa bisa hanya ya fi abin da yake kashewa bisa kaye da littafi nesa ba kusa ba. A Yulin 2024 an rage farashin mai, esans daga 540 ya koma 499, gazuwal daga 668 ya koma 618, an ji daɗi, amma mai yara uku masu shiga mota biyu bai ga wani babban canji ba. Wannan kuɗi ne na ilimi da ba ya fitowa cikin kasafin kowa sai na uwa da uba.

Game da 'yarki, ki fara da neman canjin lakwal. Ki rubuta takarda zuwa ga hukumar ilimi ta da'irarku ki nemi a maido ta kwalejin da ta fi kusa da gida, ki haɗa da shaidar inda kuke zaune, kada ki bi ta hannun 'yan tsakiya masu cewa a kawo na goro. In ba wuri, ki samu sirbeyan ki faɗa mishi halin da ake ciki, ku kuma iyayen layi ɗaya ku haɗa kai ku ɗauki mai taksi ɗaya da kunka sani kuna biyanshi a wata, ya fi sauƙi kuma kin san hannun wanda yarinya take.

Motar lakwal ta kuɗi kuwa, tunda kuɗinki kike biya kina da bakin magana. Ki tambayi kujera nawa gare ta, yara nawa take ɗauka, ki nemi ganin asirans da takardar bizit da permin direba, ki tambaya ko akwai babba da ke zama cikin yara ban da shi direban. Takardun mota aikin 'yan sanda ne bisa hanya, lakwal ɗin kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi da ta ba ta izinin buɗewa, to tsakanin biyun nan ne abin ke zubewa, kowa na ganin na ɗaya ne. A ra'ayina duk lakwal mai ɗaukar yara a mota ya kamata duba motar ya shiga cikin abin da ansifekta ke dubawa, daidai da yadda yake duba rajista.

Kuma ki bar ni in ɗan karkata zuwa ƙauye, don can abin ya fi muni. Yarinya ta gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, a garinsu, kwaleji tana kilomita goma ko fiye, ko dai ta taka da ƙafa cikin sanyin Janairu da zafin Afrilu, ko a ajiye ta gidan mai masauki inda sau da yawa ita ce mai ɗebo ruwa da daka da wanke-wanke. Uban da ya ga haka sai ya ce ta dawo gida, bayan watanni kaɗan an ɗaura aure. Akwai dokar Disamba 2017 ta kare yarinya mai karatu, an kuma fara gina makwantan 'yan mata zamanin Bazum, irin na Kelle a jahar Damagaram, dabara ce mai kyau kuma ina fatan kada a bar ta ta mutu don sauyin mulki. Amma ni abin da na fi yarda da shi shi ne a kawo kwaleji kusa da mutane, da malamai a cikinta, don yarinyar da ke kwana ɗakin uwarta ta fi daɗewa a aji.

Tambaya daga wani malami ɗan kwantiragi, yankin Buza:

"Mu ake zagi kullum, an ce ba mu zuwa aji. Ni kaɗai nike riƙe da aji biyu, pekil, kuɗin watanmu, ba ya zuwa kan lokaci, in ya zo sai na yi tafiyar yini kafin in ɗauka. Tunda anka kawo ni nan ansifekta bai taɓa takowa ba, konseye sau ɗaya. To wa ke sa ido bisa masu sa mana ido?"

Amsa:

Mushe sannu da ƙoƙari, Allah shi biya. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi duk abin da anka aiko mini nauyi.

A takarda tsarin ya cika. Direkta na duba malami, konseye na zagaya lakwal-lakwal na yankinshi ya zauna bayan aji ya saurari darasi ya gyara, ansifekta na bisa konseye, sai hukumar ilimi ta departama, sai ta jaha, sai minista. Ga kuma CAPED inda malaman yanki ke haɗuwa su koya ma juna. A ƙasa kuwa konseye ɗaya ne da lakwal masu yawa warwatse cikin duwatsun Buza da Keita, moton aiki ya tsufa, man da anka ware ya ƙare tun zangon farko, in damina ta yi ƙorama ta yanke hanya. Sai sa ido ya koma waya, a aiko da adadin yara, a aiko da sunayen masu yajin aiki. Adadi na hawa sama, taimako ba ya saukowa.

Na tuna 2017 lokacin minista Dauda Mamadu Marte, da anka yi ma 'yan kwantiragi jarrabawar tantancewa, dubbai sunka rasa aiki. Ban ce ba a yi da dalili ba, binciken PASEC na 2014, mai auna karatun yara a ƙasashe masu Faransanci, ya nuna yara tara cikin goma da ke gama firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake so ba, kuma akwai masu riƙe da alli da ba su iya abin da suke koyarwa ba, wannan gaskiya ce ko ta yi zafi. Amma wa ya ɗauke su aiki? Wa ya tura su aji ba horo? An auna na ƙasa, ba a auna wanda ya sa hannu ba. Malamin da bai zuwa aji a hukunta shi, ina goyon baya ɗari bisa ɗari don yaran talakawa yake cuta, amma da ma'auni ɗaya a tambayi wanda ya jinkirta pekil da wanda ya bar lakwal shekara biyu ba ziyara.

Shawarata gare ka, ka buɗe kayen ziyara, duk babban da ya zo ya rubuta rana ya sa hannu, shafin da ba komi shi ma shaida ne. Ranar da za ka tafi ɗaukar kuɗi ka sanar da shugaban iyaye da bakinka tun kafin ka tafi, don kada a wayi gari a ce mushe ya gudu. Maganar jinkiri kuma ka bi ta ƙungiyarku ta malamai, a rubuce.

Tambaya daga wani ɗan lise, Tawa:

"Kullum rediyo na faɗin miliyar kaza an ba ilimi. To ina suke? Mu huɗu bisa tabur-ban ɗaya."

Amsa:

Ɗana Allah shi ba da sa'ar bak. Abin da anka rubuta cikin kasafi daban, abin da baitulmali ya saki daban, abin da ya iso ajinku kuma daban. Ƙasashen duniya sun amince a taron Incheon na 2015 cewa a ware ma ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke kashewa, to ko an kai wannan, mafi yawa albashi ke cinyewa, abin da ya rage na gini da tebur da littafi shi ake fara yankewa in tsaro ya buƙaci kuɗi. Ka ƙara da cewa kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kowace rantire dubban ɗaruruwan sabbin yara ke shigowa. Akwai kuɗin waje, kamar asusun haɗin gwiwa na ilimi da anka kafa a 2017 da shirin LIRE na Bankin Duniya na dalar Amurka miliyan 140 a 2020, amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu bada tallafi da dama sun dakata, abin da ya nuna mana haɗarin ɗora karatun yaranmu bisa aljihun wani. Sai kuma ɓarnar kwangila, tebur da ke karyewa kafin bakansi, aji da rufinshi ke tashi da iskar farko, irin wannan ne aikin COLDEFF, hukumar yaƙi da ɓarnar dukiyar ƙasa, da masu binciken kuɗin gwamnati. Abin da nike so in gani, kuma ku 'yan USN, ƙungiyar ɗalibai, kuna iya nema, shi ne kowace lakwal a liƙa takarda a bango, ga tebur nawa anka turo bana, ga littafi nawa, ga kuɗi nawa, ga ranar da sunka iso.

Tambaya daga wata baiwar Allah, yankin Abalak:

"Shinkafar kantin ɗin yara muna ganin irin buhunta a kasuwa. Mu yi yaya?"

Amsa:

Inna kada ku yi saurin kama suna, don buhun da babu komi ciki ma ana saida shi a sake zuba wani abu. Ku nemi a ƙirga kayan magaza gaban wakilan iyaye ranar da mota ta sauke, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen direkta ɗaya wajen wakiliyar uwaye, mai dahuwa kuma ta riƙa faɗin tiya nawa anka auna mata kowace safiya a rubuta. In lissafin wata bai haɗu ba, ku kai ma ansifekta da prefe takarda ɗaya rana ɗaya, ku kuma sanar da ma'aikatan hukumar da ta kawo abincin in sun zo zagaye.